A Rana Mai Kamar Ta Yau: Da Wace Kalanda Aka Ƙirga?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga gasar kacici-kacici, ko a sakandare ko a nan jami'a, ya san irin tambayoyin nan: Yaushe Nijeriya ta sami mulkin kai? A wace rana aka haifi wane? Wace shekara aka yi yaƙi kaza? Gidajen rediyo da jaridu ma suna da filin "A rana mai kamar ta yau", inda akan jero manyan abubuwan da suka faru da kuma mashahuran mutanen da aka haifa a ranar. Mukan haddace waɗannan ranaku kamar karatun allo, mu mayar da su yadda muka karɓo. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wa ya rubuta wannan kwanan wata, kuma da wace kalanda ya ƙirga? A wannan ɗan rubutu nawa ina so in nuna cewa da yawa daga cikin ranakun da suka fi yin suna a kacici-kacici akwai lauje cikin naɗi game da su. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin mu ɗaliban harshe mu ne gobe za mu zauna gaban tsohuwar takardar ajami, ko gaban dattijo mai ba da tarihi, mu rubuta shekara a cikin kundin digiri, wani kuma ya zo ya kwafa daga gare mu.

Kwanan wata ɗaya, rana dabam

Bari in fara da wadda ta shafi adabi. A shekarar 1995 hukumar UNESCO ta ware ranar 23 ga Afrilu ta zama Ranar Littafi ta Duniya. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne, wai a ranar 23 ga Afrilu, 1616 manyan marubuta biyu suka rasu, wato William Shakespeare na Ingila da Miguel de Cervantes na Sifaniya, mawallafin Don Quixote. Zance ne mai daɗin ji, amma da gyara. Da farko dai Cervantes a ranar 22 ya cika, washegari 23 aka binne shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a wancan lokacin Ingila da Sifaniya ba kalanda ɗaya suke bi ba. Ranar da mutanen Ingila suke kira 23 ga Afrilu, a Sifaniya 3 ga Mayu ce. Ke nan Shakespeare ya yi fiye da kwana goma a duniya bayan Cervantes. Wasu kan ƙara wa miya gishiri su ce ai Shakespeare a ranar haihuwarsa ya mutu. Abin da ke rubuce a littafin coci shi ne an yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564. Ranar haihuwar kuwa hasashe ne kawai aka yi.

To me ya kawo wannan bambanci? Asalin abin daga Rum ne. A shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Yuliyas Kaisar ya kafa kalandar da ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i. Shi ya sa duk shekara huɗu ake haɗa rubu'in nan huɗu a ƙara wa watan Fabrairu kwana guda. Amma lokacin da duniya ke ɗauka ta zagaya rana bai kai haka ba, ya gaza da kimanin minti 11. Mai karatu zai ce minti 11 ai ba wani abu ba ne. Haka ne, sai dai da yayyafi kogi ke cika: a cikin kowace shekara 128 mintocin nan suna taruwa su zama kwana ɗaya cur. Kafin ƙarni na 16 kalanda ta riga ta zame daga yanayin shekara, har lissafin bikin Ista ya fara rikicewa.

Saboda haka a 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya ba da umurnin a yi gyara iri biyu. Na farko, a tsallake kwana goma: mutanen Sifaniya da Fotugal da Italiya sun kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. A lura, jerin ranakun mako bai taɓu ba, lambar wata ce kawai ta yi tsalle. Na biyu, shekarun da suka ƙare da sifili biyu ba za su sami ƙarin kwana a Fabrairu ba, sai in 400 ta raba su ba saura. Shi ya sa shekarar 2000 ta sami 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Wannan doka ta taɓa Morarji Desai, wanda ya yi Firayim Ministan Indiya daga 1977 zuwa 1979. An haife shi ranar 29 ga Fabrairu, 1896, bai kuwa ga zagayowar ranar haihuwarsa ta farko ba sai a 1904, yana ɗan shekara takwas. Ya rasu a 1995 yana da shekara 99, amma sau 23 kacal ranar ta zagayo masa.

Ƙasashen da ba sa bin Fafaroma sun daɗe suna jan ƙafa. Ingila da ƙasashen da take mulka ba su karɓi gyaran ba sai a 1752, lokacin giɓin ya zama kwana 11: daga Laraba 2 ga Satumba aka faɗa Alhamis 14 ga Satumba. Akwai kuma wani ƙulli. Kafin wannan lokaci, a hukumance sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, ba 1 ga Janairu ba. Dubi abin da ya sami George Washington, shugaban Amurka na farko. A kalandar da iyayensa suka sani an haife shi ranar 11 ga Fabrairu, 1731. Da aka yi gyara sai ranar ta koma 22 ga Fabrairu, shekarar kuma ta koma 1732. Wanda ya ba da amsar farko a gasa za a ce ya faɗi, alhali ita ce aka rubuta ranar da aka haifi mutumin.

Haka nan akwai wata magana da malaman kimiyya ke son faɗa, wai Isaac Newton an haife shi a shekarar da Galileo ya rasu, 1642, kamar dai wani ya ajiye sanda wani ya ɗauka. Galileo ya rasu a Italiya ranar 8 ga Janairu, 1642 a sabuwar kalanda. Newton an haife shi a Ingila ranar Kirsimeti ta 1642 a tsohuwar kalanda, wadda ta yi daidai da 4 ga Janairu, 1643 a sabuwa. In an auna su da mudu ɗaya, shekara ɗaya ba ta haɗa su ba. Rasha kuwa sai a 1918 ta sauya, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu. Dalili ke nan da ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba, wanda aka yi ranar 25 ga Oktoba, 1917 a lissafinsu na da, Tarayyar Sobiyet ta riƙa bikinsa ranar 7 ga Nuwamba.

Lissafin Hijira da takardun ajami

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mafi yawan tarihin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa da kalandar Hijira aka rubuta shi. Ita wannan kalanda wata take bi, ba rana ba, don haka shekararta kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. A dunƙule, shekara 33 ta Hijira daidai take da shekara 32 ta Miladiyya. Shi ya sa azumi ke yawo, wani lokaci a cikin hunturu, wani lokaci a bazara ko damina, kuma shi ya sa a cikin shekarar 2000 aka yi Ƙaramar Sallah sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Disamba.

Mu ɗauki misalin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a ƙarshen watan Safar, 1168, wanda masana suka mayar Lahadi 15 ga Disamba, 1754. Ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu ranar 10 ga Zulƙida, 1218, wato 21 ga Fabrairu, 1804. Ya rasu a Sakkwato ranar 3 ga Jimada Sani, 1232, wato 20 ga Afrilu, 1817. Idan aka tambaye ka shekarunsa nawa a duniya, me za ka ce? A lissafin boko 62, a lissafin Hijira 64, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Haka kuma a shekarar 2004 aka yi bikin cikar Daular Usmaniyya shekara 200. Da da kalandar da su Shehu suka yi aiki da ita aka ƙirga, da a Zulƙida ta 1418 shekara 200 ta cika, wato a farkon 1998, shekara shida kafin a yi taron. Ban ce masu shirya bikin sun yi kuskure ba, zaɓi suka yi tsakanin kalanda biyu, ya kamata dai a san cewa zaɓi ne.

Ga wanda zai yi nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, wannan ba wasa ba ne. Marubutan ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato su dunƙule shekarar da aka yi waƙar a cikin kalma guda, kowane baƙi yana da lambar da yake wakilta. A nan akwai tarko. Lissafin baƙaƙen da malaman ƙasar Hausa suka gada na Magrib ne, ba na gabas ba. A tsarin Magrib harafin shinun shi ne 1000, a tsarin gabas kuwa 300 ne. Wanda ya ɗauko jadawalin gabas daga intanet ya auna ramzin Sakkwato da shi, zai mayar da waƙar baya da shekara ɗaruruwa. Bayan an warware ramzi, hanya mai sauƙi ta kusantar shekarar Miladiyya ita ce a ninka shekarar Hijira da 0.97, sannan a ƙara 622. Amma kusanta ce kawai. Shekarar Hijira guda takan taka shekarun Miladiyya biyu. Ita 1218 ɗin nan ta kama a Afrilun 1803, ta ƙare a Afrilun 1804. Wannan ne ya sa za ka ga manazarta masu kula suna rubuta 1803/4 idan ba a ambaci wata ba. Ba ƙyuya ba ce, gaskiyar abin da takardar ta bayar ke nan.

Wani abu kuma da abokanmu masu koyon Hausa ke yawan tuntuɓe a kansa shi ne, a wannan lissafi yini da faɗuwar rana yake farawa, dare ne ke gaba. Idan Bahaushe ya ce "daren Juma'a", daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a yake nufi. Saboda haka abin da ya faru bayan magariba yana iya samun kwanan wata biyu, gwargwadon wanda ya rubuta. Su ma Turawa ba su tsira daga irin wannan ba, sai dai su agogo ne ke raba su. Neil Armstrong ya taka duniyar wata ranar 20 ga Yuli, 1969 a agogon Amurka, amma a Nijeriya lokacin ƙarfe huɗu saura 'yan mintoci ne na asubahin 21 ga wata. Ƙasashen yammacin Turai suna tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a nahiyarsu ranar 8 ga Mayu, Rasha kuwa ranar 9, domin lokacin da miƙa wuyan Jamus ya fara aiki a 1945, a Mosko sha biyun dare ta riga ta wuce.

Dacewa ta gaskiya da dacewa ta ganganci

Kada a ɗauka duk dacewar da ake faɗa shifcin gizo ce. Abraham Lincoln da Charles Darwin rana ɗaya aka haife su, 12 ga Fabrairu, 1809, ba wata tababa. John Adams da Thomas Jefferson, shugabannin Amurka na biyu da na uku, duk sun rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, daidai ranar da ƙasarsu ke cika shekara 50 da shelar 'yanci. A nan gida, Dokta Nnamdi Azikiwe an haife shi a Zungeru ranar 16 ga Nuwamba, 1904, Chinua Achebe kuma a Ogidi ranar 16 ga Nuwamba, 1930. Cif Obafemi Awolowo ranar 6 ga Maris, 1909 aka haife shi, ranar da ya cika shekara 48 kuma Gana ta sami 'yanci.

Sai dai irin wannan bai kai abin mamakin da muke ɗaukarsa ba. Masana lissafi sun nuna cewa idan mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Dalili kuwa, ba kai kaɗai ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da gwaji 253. Idan suka kai 57, yiwuwar ta kai kashi 99 cikin 100. Duk mai shakka ya gwada a ajinsu. To ina ga dubban mashahuran mutane da za a raba wa kwana 365?

Wasu ranakun kuma ba dacewa suka yi ba, da gangan aka ɗora su. Ranar 1 ga Oktoba, 1960 aka sami mulkin kai, sai aka zaɓi 1 ga Oktoba, 1963 don zama jamhuriya, Janar Sani Abacha ma a ranar 1 ga Oktoba, 1996 ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi shida. Ranar tunawa da mazan jiya a da 11 ga Nuwamba ce, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a hukumance a 1970, wadda kuma ita ce ranar juyin mulkin farko a 1966. Ranar Dimokuraɗiyya tun bayan komawa mulkin farar hula 29 ga Mayu ce, har zuwa 2018 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da mayar da ita 12 ga Yuni don tunawa da zaɓen 1993. Ke nan amsar da ta ci maki a gasar 2010, in an maimaita ta yau faɗuwa ce.

Waɗanda suna ne takardar haihuwarsu

Al'adar riƙe kwanan watan haihuwa da yanka kek baƙuwa ce a wurinmu. Kakanninmu suna adana lokacin haihuwa, amma ta wata hanya dabam. Ta farko ita ce jingina ta da wani babban abu da ya faru: shekarar yunwar Kakalaba, wato wajen 1914, ko shekarar zuwan Sarauniya, 1956, ko shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973. Ta biyu ita ce suna. Wanda aka haifa ran Lahadi Ɗanladi ne, mace Ladi. Na Litinin akwai Altine, na Talata Ɗantala da Talatu, na Laraba Balarabe da Larai, na Alhamis Ɗanlami da Lami, na Juma'a Ɗanjuma da Jummai, na Asabar Ɗan'asabe da Asabe. Wanda ya zo cikin watan azumi Ɗan'azumi ne ko Azumi, na ranar sallah Sallau. Da Nijeriya 'yar Bahaushe ce, da Asabe za a riƙa kiranta, don 1 ga Oktoba, 1960 Asabar ce.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ba, kuma abokan karatunmu za su shaida. Ibo suna da ranakun kasuwa huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, daga nan aka sami Okeke da Okorie da Okafor da Okonkwo. Yarabawa suna da Abiodun ga wanda aka haifa lokacin biki, da Abosede ga wadda ta zo ran Lahadi. Mutanen Akan na ƙasar Gana kuwa sun fi kowa riƙe abin. Kofi shi ne Ɗanjumansu, kuma in ka duba za ka tarar 8 ga Afrilu, 1938, ranar da aka haifi Kofi Annan, Juma'a ce.

Labarin Kwame Nkrumah ne ya fi burge ni a wannan fage. Ƙasar Gana tana hutu ranar 21 ga Satumba domin tunawa da haihuwarsa a 1909, kuma ita ce amsar da ke cikin littattafan kacici-kacici. Amma Kwame suna ne na wanda aka haifa ran Asabar, 21 ga Satumba, 1909 kuwa Talata ce. Shi da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1957, ya bayyana cewa limamin cocin da ya yi masa baftisma daga baya ne ya rubuta 21 ga wata bisa ƙiyasi, kuma abin da aka tabbatar masa a gida shi ne an haife shi ran Asabar a tsakiyar Satumba a ƙauyen Nkroful. Da ya yi nasa lissafin sai ya tsaya a kan 18 ga wata, wadda Asabar ce. A ganina a nan suna ya fi takarda ƙarfin hujja, domin uwa ba ta manta ranar da ta yi naƙuda, shi kuwa mai rajista abin da ya ga ya yi kusa ya rubuta.

Irin wannan yana da yawa a cikin manyanmu. Cif Olusegun Obasanjo yana bikin ranar haihuwarsa 5 ga Maris, takardunsa kuma 1937 suka nuna, amma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar ba, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne ranar kasuwar Ifo ce. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa watan Disamba na 1912 kawai ake rubuta masa, ba lambar rana. Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shekarar 1911 da garin Kagara aka sani, ranar rasuwarsa kuwa, 19 ga Yuni, 1981, a rubuce take sarai, domin lokacin ya riga ya zama wanda jaridu ke bibiya. Yawanci haka abin yake, ba wanda ya san jariri zai shahara, balle ya ɗauko alƙalami.

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya, ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a 1992 aka kafa ta. Waɗanda ba a yi musu rajista ba sukan je kotu su yi takardar rantsuwar shekaru, kuma da yawa 1 ga Janairu suke zaɓa don ta fi sauƙin tunawa. Da wannan rana za a ɗauki mutum aiki, da ita za a lissafa masa ritaya da fansho, in kuma Allah ya ɗaukaka shi, ita ce wata rana za a karanto a rediyo a ce a rana mai kamar ta yau aka haife shi. Saboda haka idan aikin bincike ya kai ɗayanmu gaban tsohon mawaƙi ko marubuci, kada ya tsaya ga abin da ke jikin katin shaida. Ya tambayi sunan rana, ya tambayi da damina ne ko da rani, wane sarki ke kan gado, kuma wace Sallah ce ta fi kusa. In an ce masa Ɗanlami ne da aka haifa da kaka a shekarar zuwan Sarauniya, katin kuma ya nuna 1 ga Janairu, 1960, wadda Juma'a ce, to sai ya rubuta duka biyun, ya faɗi inda ya samo kowanne.